Mijina Ne, Ba Yayan Kowa Ba

"Wai duk turaren nan don injin fotokwafi aka fesa shi?"

Auta ce ta jefo tambayar daga ƙofar kicin, riƙe da kofin shayi, tana kallon mijinta yana goge mata farar rigar lab a kan teburin falo. Ya ɗago ya dube ta, ya yi dariya, ya ci gaba da bin wuyan rigar da dutsen guga.

"Ranki ya daɗe, turaren da kika saya min ne fa. Ke kika ce in riƙa fesawa."

"A gida na ce, ba a shago ba!"

"To zo ki sunsune abinki, in fita da warin tawada."

Ta murguɗa baki, amma dariya ta ƙwace mata. A dogon hutun nan aka ɗaura musu aure, yau kuma ake komawa makaranta, ranar farko ta sabon zangon karatu. Ita tana shekarar kusa da ta ƙarshe a sashen gwaje-gwajen asibiti, shi kuwa shi ne mai shagon fotokwafin da ke bayan laburare. Duk kwalejin ba wanda ke kiran sa da sunan yanka. Yayan Kowa suke ce masa, saboda ba ɗalibar da ba ya ce wa ƙanwata, ba ɗalibin da ba ya ce wa ƙanena. A da sunan yana ba Auta dariya. Yau da safen nan kuwa, da ta tuna da shi, sai ta ji ya ɓata mata rai.

Auren nan ba da sauƙi aka yi shi ba. Baba mutum ne mai magana ɗaya, ya daɗe yana cewa sai ta gama karatu. Da ya ga yarinya tana ramewa, ya kira su biyun ya kafa sharaɗi: duk ranar da auren ya taɓa karatunta, za ta dawo gida ta zauna har sai ta karɓi takardar shaidarta. Yayarta, Anti Babba, ita ko sharaɗin ba ta so ba. A wajenta abin kunya ne a ce ƙanwarta ta ƙare a hannun "mai danna maɓalli."

Ai kuwa kamar tana jin su, wayar Auta ta hau ruri.

"Amarya, an shirya?" in ji Anti Babba. "To yau dai ki buɗe idonki da kyau. Ranar farko ce, sabbin 'yan mata za su cika shagon nan kamar ƙudaje. Ke ma ai a can ya tsince ki, ko kin manta?"

"Haba Anti, da sassafen nan?"

"Ni dai na faɗa. Hannun da ya miƙo miki takarda bai gaji da miƙawa ba."

Auta ta kashe wayar ta ce wa kanta Anti ba ta da aiki. Amma magana ta riga ta shiga, ta sami wuri ta zauna.

Mijin ya naɗe rigar ya sa mata a jaka, ya tura ƙafa cikin takalmi.

"Kar ki manta yau Madam Sakata gare ku da hantsi. Kin san halinta. Ki wuce lab kai tsaye, kar ki biyo ta wajena, yau ko numfashi ba zan samu ba."

"Oho, kar in biyo?"

"Auta!"

"Na ji. Allah ya ba da kasuwa."

Madam Sakata malamar firaktikal ce. Sunan ya samo asali ne daga ɗabi'arta ta ranar farko: tana shiga lab sai ta danna wa ƙofa sakata, ta raba wa waɗanda ta tarar tebura da madubin gwaji, biyu-biyu. Wanda ba ya ciki a lokacin ba shi da teburi, wanda ba shi da teburi kuwa sai baɗi. An roƙe ta da iyaye, an roƙe ta da shugaban sashe, ba ta taɓa zare sakatar nan ba.

Auta ta san wannan sarai. Da niyyar lab ta shigo makaranta, wallahi da ita ta shigo. Harabar ta cika maƙil, sabbin ɗalibai na yawo da manyan jakunkuna suna tambayar hanya, tsofaffi na rungumar juna suna ihu. A gindin allon sanarwa ƙawarta Rediyo ta cafke ta.

"Wayyo, amaryar Yayan Kowa! Kin ga yadda kika yi fes? Ke, kin leƙa shagonku kuwa? Layi har bakin laburare! Kuma wallahi 'yan bana ba dama, akwai wata mai farin gilashi, doguwa, tun ɗazu take tsaye a gaban kantar shagon tana ta fari da ido."

"Ina ruwana?" in ji Auta. "Kwastoma ce."

"Ni ma haka na ce."

Suka yi gaba kaɗan. Hanyar lab ta dama ce, hanyar laburare ta hagu. Auta ta dubi agogon wayarta, ta ga akwai sauran lokaci. Ta ce bari ta karɓo biro kawai.

Shagon ɗan ƙarami ne, injuna biyu, kanta ta katako, da fanka mai kuka a bango. Ɗalibai sun yi cincirindo, kowa na ɗaga handawut sama yana kiran "Yaya! Yaya, nawa!" Shi kuwa yana tsakiya, gumi na bin wuyansa, yana ɗaga murfin inji da hannu ɗaya, yana jera takardu da ɗayan, bakinsa bai daina zolaya ba. Auta ta raɓe a bayan wani dogon saurayi tana kallo. Ga mai farin gilashin nan, ta dafa kanta da gwiwar hannu kamar gidan ubanta.

Ya zaro takardun yarinyar daga inji, ya buga gefensu a kan kanta har suka daidaita, ya sa musu shuɗin bango, ya danna sitefila. Sannan ya miƙa mata da hannu biyu yana murmushi.

"Riƙe a hankali, ƙanwata, da ɗuminsa yake kamar burodi."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a gadon baya.

Wannan maganar tata ce! Ranar da ta fara shigowa shagon nan tana sabuwar ɗaliba, a ruɗe, ta ɓatar da ajinsu, da waɗannan kalmomin ya miƙo mata takardunta, da shuɗin bango, da hannu biyu. Ta koma ɗaki ta rungume takardun, ta kasa karanta ko layi ɗaya. Sau nawa ta ba ƙawayenta labarin? Har a gaban Anti Babba ta faɗa, lokacin da ake ta rigimar auren, ta ce mutumin da zai miƙo maka takarda haka ba zai wulaƙanta ka ba. Ashe kowa ake yi wa! Tana tsaye a wurin ya sake faɗa wa wata gajera mai jan mayafi, ya kuma faɗa wa wani ƙaton namiji mai gemu. Na mai gemun bai dame ta ba. Na mai gilashin ne ya tsaya mata a ƙirji, don yarinyar ta kai takardun kumatunta tana cewa, "Kai, Yaya, ka iya magana! Bari in kawo maka littafin gaba ɗaya."

Auta ba ta san lokacin da ta ratsa layin ba. Ta ɗaga katakon kanta ta shige ciki, ta ajiye jakarta a kan kwalin takardu.

Mijin ya zaro ido. "Lafiya? Me ya faru?"

"Lafiya lau. Na ga aiki ya yi maka yawa, na zo in taya mijina." Ta ɗaga murya a kan kalmar ƙarshe yadda har na bakin laburare sai da suka ji. "Kai ka tsaya a inji, ni zan riƙa karɓa ina miƙawa."

Shago ya ɗauki sowa. "Amarya! Amarya!" Rediyo, da ta biyo ta a baya, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto tana ƙyalƙyala dariya, sannan ta ce ita ta yi gaba, a same ta a lab.

Ya matso kusa da kunnenta. "Auta, na gode, amma lokaci ya kusa. Ɗauki jakarki ki tafi."

"Da saura."

Ta karɓi littafin mai gilashi da yatsu biyu kamar ƙazanta. Littafi ne mai kauri, aikinsa zai ɗauki lokaci, yarinyar kuma ta ja kujerar roba ta zauna daf da inji ta harɗe ƙafa. To a bar su su biyu? Ina! Auta ta kafe a wurin, tana miƙa wa mutane takardu da hannu ɗaya, fuska a murtuke, ido ɗaya a kan kwastoma, ɗaya a kan kujerar roba.

"Auta, don Allah ki tafi," ya sake cewa. "Kin san matar nan ba ta jira."

"Korata kake yi?"

"Ba korarki nake ba, lab nake tuna miki."

"In na tafi sai a ji daɗin raba burodi, ko?"

Ya dube ta bai gane ba. Inji ya cije takarda, ya durƙusa yana zaro ta, mutane na ta kiran sa. Da ya miƙe ya kama hannunta, abin da bai taɓa yi a gaban jama'a ba, muryarsa ta sauya.

"Na roƙe ki da girman Allah ki tafi yanzu. Ki tuna maganar Baba."

Ta fizge hannunta. "Sai ta tashi!"

Mai gilashi ta dubi hagu, ta dubi dama, ta nuna ƙirjinta. "Ni? Baiwar Allah, ni littafina nake jira." Ta miƙe ta tattara rabin aikin da aka yi, ta ce za ta dawo in masu shago sun gama faɗansu. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sai a lokacin Auta ta dubi agogo, ta ga lokaci ya wuce.

Ta fita da gudu, mayafi na ja a ƙasa, ta haye matakalar sashensu tana haki. Ƙofar lab a rufe. Ta leƙa ta gilashin ƙofar, ta hango 'yan ajinsu cikin fararen riguna, biyu-biyu a kowane teburi, Rediyo na zaune da wata daban. Ta ƙwanƙwasa, ta sake ƙwanƙwasawa. Madam Sakata ta waiwayo, ta dube ta ta saman tabarau, ta girgiza kai sau ɗaya, ta juya ga allo.

Auta ta zame ta zauna a kan matakala, farar rigar da aka goge mata da safe tana naɗe a jaka, ko fito da ita ba ta yi ba. Shekara guda ta tafi. Kuka ya ƙwace mata, irin mai shessheƙa. Kuma maimakon ta ga laifin kanta, sai zuciya ta ce mata ai duk shi ya ja, shi da bakinsa mai zaƙi.

Wayarta ta yi ƙara. Anti Babba.

"Ke! Wane hoto nake gani ƙawarki ta ɗora? Ke ce a bayan kanta kina miƙa takardu? Ranar farko? Ba ki da lakca ne?"

"Anti... an rufe lab... sai baɗi..."

"Inna lillahi! Ya mai da ke yarinyar shago, ko? Na faɗa! Wallahi na faɗa! Kar ki motsa daga nan, ga ni nan zuwa."

A mota Anti Babba ta yi ta faɗa, ta gina labarin tun daga tushe har rufi: ya ga aiki ya yi yawa, ya ƙi ɗaukar ma'aikaci, ya tsare matarsa a shago har aka rufe aji. Auta na gefe tana sharar hawaye. Ta san ba haka aka yi ba. Sau biyu ta buɗe baki, sai fuskar mai gilashi ta faɗo mata a rai, da takardu a kumatu, sai ta rufe bakinta. Bari shi ma ya ji yadda ta ji.

Baba na zaune a falo yana sauraron labarai lokacin da suka shigo. Ya rage murya, ya saurari Anti Babba har ta gama, ta kuma nuna masa hoton. Umma ta fito daga kicin hannunta da ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa. Baba ya daɗe yana kallon wayar.

"Auta, an rufe miki aji?"

"E, Baba."

"A shagonsa kike lokacin?"

"E."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauki wayarsa ya kira surukin, ya ce yana son ganin sa yanzu.

Bai ɓata lokaci ba ya iso. Ya rufe shago a ranar da ta fi kowace rana ciniki a zangon, ya bar layi a tsaye. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida Baba da Umma, ya gaida Anti Babba, ta kau da kai. Yatsunsa duk baƙin tawada. Ya saci kallon Auta, ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi.

"Ka tuna abin da muka yi da kai?" in ji Baba.

"Na tuna, Baba."

"Yarinyar nan ta rasa shekara guda yau. An ce a shagonka take tana maka aiki. Haka ne?"

Auta ta ƙara sunkuyar da kai. Yanzu zai faɗa. Zai ce ya kore ta ta ƙi, zai ce ta tozarta shi a gaban kwastomomi, kuma shago guda shaida ne.

Ya dube ta, sannan ya ce, "A shagona take, Baba. Kamata ya yi in kashe inji in kai ta ƙofar ajin da kaina. Ban yi ba, na tsaya kallon layi. Wannan sakacina ne, a yi haƙuri."

"Ka ji ko!" in ji Anti Babba tana tafa hannu. "Da bakinsa!"

"Ke, yi mana shiru." Baba ya gyara zama. "To ni ba na magana biyu. Auta za ta zauna a nan har ta gama. Da wannan shekarar da aka ƙara mata, ka san ba kusa ba ne. Ban ce ka sake ta ba, amma ba za ta kwana gidanka ba sai da takardarta a hannu."

Umma ta ce, "Alhaji, a duba dai..." Baba ya ɗaga mata hannu.

Auta ta saci kallon mijinta. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja, ya dafe gwiwarsa da hannun nan mai tawada.

"Na ji, Baba. Zan jira, ko shekara nawa ne. Alfarma ɗaya nake nema, a bar ni in kawo mata littattafanta da maganin ciwon kanta, yana kan firij. Kuma in an yarda gobe in je in roƙi malamar, ko Allah zai sa ta duba."

"Ba sai ka wahalar da kanka ba," in ji Anti Babba, har da murmushi. "Tashi ka koma, ƙannenka na can suna jiran ka. Kafin ta gama ai ka samo wata a layi."

Ya miƙe ya nufi ƙofa, ya sunkuya zai sa takalmi. Auta ta kalli bayan rigarsa, jiƙe da gumi, ta tuna da asuba ya tashi ya goge tata rigar kafin tasa. Wannan mutumin za ta bari ya fita da laifin da ba nasa ba, ya koma gida shi kaɗai? Wani abu ya taso mata daga ciki ya fi ƙarfin kishin.

"Ƙarya ne!"

Kowa ya juyo.

"Baba, wallahi ba haka aka yi ba! Tun a gida ya ce kar in biyo ta shagon. Ni na je, ni na shiga bayan kanta, ba wanda ya sa ni. Ya ce in tafi, ya sake cewa, har ya haɗa ni da Allah, ya tuna min maganarka, na fizge hannuna a gaban mutane. Ni ce na ƙi tafiya!"

"Saboda me?" in ji Baba.

Ta fashe da kuka. "Saboda ya ce wa wata takardarta da ɗumi kamar burodi!"

Baba ya dubi Umma, Umma ta kai bakin zaninta ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

"Burodi?" in ji Baba.

"Ni ya fara faɗa wa, Baba! Na ɗauka ni kaɗai ce. Ashe kowa yake faɗa wa, har da masu gemu!"

Mijin ya saki takalmin ya juyo, baki buɗe. Sai yanzu ya gane abin da ya cinye masa yini.

"Auta, wannan ai tun ina yaron shago nake faɗa. Maigidana na gada. Ban san kin riƙe ta haka ba."

"To ni me ka yi min da ba ka yi wa kowa ba?"

"Ke na zo na durƙusa a falon nan saboda ke. Sau nawa Baba ya mai da ni, ina dawowa?"

Ta ci gaba da kuka. Baba ya kashe rediyon gaba ɗaya. Ba ya dariya.

"Kin ba ni kunya, Auta. Ba don ajin da kika rasa ba. Kina zaune a nan, kina ji na yanke wa bawan Allah hukunci a kan laifinki, kika yi shiru har sai da ya kai ƙofa. Da ya fita fa?" Ya juya ga babbar 'yarsa. "Ke kuma, hoto ɗaya kika gani kika ɗinka masa riga da wando. Tun safe kike hura mata wuta, na ji ki a waya. Ke ce babba, kamata ya yi ki zama mai yayyafa ruwa. Daga yau ki cire bakinki daga gidan ƙanwarki."

"Baba, ni gata nake mata..."

"Na ga gatan."

Anti Babba ta ɗauki jakarta ta shige ɗakin Umma, ta turo ƙofa da ƙarfi.

Baba ya kira surukin ya dawo ya zauna. "Na ce in aure ya taɓa karatunta za ta dawo gida. Na duba, ba aure ne ya taɓa shi ba, halinta ne, kuma halin nan ko a ɗakina take zai bi ta. Kai kuma kar ka ƙara rufa mata irin wannan asirin a gabana, ka kusa sa ni zalunci. Ɗauki matarka ku tafi. Malamar kuwa ba kai za ka roƙa ba. Ita za ta je da ƙafarta ta faɗi gaskiyar abin da ya hana ta. In an ce sai baɗi, ta zauna da 'yan bayanta ta maimaita, ita ta saya."

Auta ta rarrafa ta kama ƙafar Baba tana ba shi haƙuri. Ya ce ba shi za ta ba wa ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka fito. Suka bi gefen titi a ƙasa, shi a gaba kaɗan, ita a baya riƙe da jaka. Bai ce komai ba har suka wuce gidan mai, wannan shirun kuwa ya fi mata zagi ciwo. Ta ƙara sauri ta jera da shi.

"Ka yi haƙuri. Don Allah ka ce wani abu, ko faɗa ne."

Ya tsaya. "Kin san abin da ya fi min ciwo? Ba abin da kika yi a shago ba ne. Da Baba ya tambaye ni, na dube ki, kika sunkuyar da kai."

"Na sani. Wallahi na sani."

"Na yafe. Amma ki saurare ni da kyau, don ba na son mu sake zuwa falon nan a kan wannan. Gobe zan buɗe shago. Za su zo, har da mai gilashin, littafinta na wajena, kuma sai na ba ta haƙuri. Zan yi musu fara'a, zan yi musu wasa, da shi nake riƙe su, da shi muke ci. Jibi ma haka, har ki gama, har bayan kin gama. Ba zan iya ɗaure fuska don ki ji daɗi ba. Za ki iya?"

Ta so ta ce e, ta ga ƙarya za ta sake yi. Ta share hanci da gefen mayafi.

"Zan ji haushi. Wallahi duk ranar da na gani sai na ji."

"Ji haushinki, ban hana ki ba. Ki shiga aji da shi, ki zauna da shi, ki kawo min shi gida da yamma mu yi rigimarmu mu biyu. Amma kar ki ƙara tsayawa gadina."

Ta gyaɗa kai. Ya karɓi jakar daga hannunta ya rataya, suka ci gaba da tafiya.

Washegari ta je ta sami Madam Sakata a ofis, ta faɗi gaskiya tun daga farko ba ta rage komai ba. Matar ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ta ji daɗin gaskiyar, amma teburi sai baɗi. Haka kuwa aka yi. 'Yan ajinsu suka gama suka bar ta, ta zauna da ƙannen bayanta, mai farin gilashin ma suka riƙa haɗuwa a matakala suna gaisawa. Duk safiya sai ta zo mararrabar nan, ta jiyo hayaniyar shago daga hagu, ana "Yaya! Yaya!", zuciyarta ta yi zafi, ta cije leɓe ta bi dama. Ranar da ta karɓi takardarta, mijin ya rufe shago ya zo ya tsaya a bayan Baba, ya fi kowa tafi.

'Yan mata, kishi ba laifi ba ne, duk mai so yana yi. Laifin shi ne ki ba shi ragamarki, ki bar naki aikin ki koma gadin wanda bai ce zai gudu ba, sannan ki buɗe kunne ga masu zuga ko da 'yan ɗakinku ne. Auta ta yi sa'a ta sami mai haƙuri, haƙurinsa ya riƙe auren. Amma shekarar da kishi ya ci, ba wanda ya dawo mata da ita.